Shekarar da Kurkunun Malam Ya Tsinke

Jiya bayan azahar ruwa ya sauko, irin mai zuwa a hankali, ba iska ba tsawa. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina ina tsinkar rama, Balki matar ɗana ta kunna rediyo ta ajiye a ƙarƙashin rumfa, wai 'yan takarar shugaban ƙasa aka haɗa suna muhawara a kan kiwon lafiya. Wannan ya ce in ya hau, kowace mazaɓa sai ta sami asibiti da likita mai kwana a ciki. Wancan ya ce gini ba ya warkar da kowa, shi inshora zai yi wa talaka, ka je a duba ka ba ka taɓa aljihu ba. Suna ta katse juna, mai gabatarwa yana ba su haƙuri. Ni kuwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da muryoyin nan suka haɗu suka kashe mini jiki. Hannuna na cikin ƙwarya, amma na yi nisa.

Balki ta ce, "Inna, gyangyaɗi kike?"

Na ce mata a'a, ƙafar surukinta nake tunawa, wanda ba ta riska ba.

Shekarar ina goyon fari, muna nan ɗan ƙauyen namu na bayan Dayi. Gidan daga ni sai Malam Isuhu, mijina, Allah ya ji ƙansa, sai 'yar da ke bayana. Iyayensa sun rasu, ƙanensa ya tafi Funtua neman aiki ya zauna can. Ba mu da sa, ba mu da jaki, ba mu da ɗan da ya isa riƙe fartanya. Abin da ƙafafun Malam suka taka suka noma, shi za mu ci har shekara ta zagayo, in kuwa suka kwanta mun kwanta tare da su.

Damina ta sauka da wuri. Aka yi shuka, dawa da masara suka tsiro gwanin sha'awa, ciyawa ita ma ta taso tana rige-rige da su. Rumbunmu ya yi ƙasa, har in Malam ya shiga ɗebo dawa ba na hango ko hularsa. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana kwaɗon tafasa ne, in an sami ɗan ƙuli-ƙuli a barbaɗa, in babu a ci da gishiri da barkono. Yunwar damina tana da nata hali. Ba ta murɗa ciki sosai, sai dai ta sa kanka ya yi sakayau, ka riƙa ganin duniya kore shar tana lilo a gabanka. Sau da yawa nakan tsaya da taɓarya a hannu ina kallon hadari yana tafiya, na manta daka nake yi.

A nan kurkunu ya same mu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Balki ma sai da na kwatanta mata. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, takan yi shekara a jikin mutum ba ya sani, sai an yi shuka aiki ya taso sannan ta nemi hanyar fita. Ruwan tafki muke sha a lokacin, mu da shanu, ba wanda ya kawo a ransa daga nan take. Na Malam ya fara da ƙaiƙayi a ƙasan gwiwar dama, sai bororo ya taso, zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe, ga kan abar nan ya leƙo. Ba a janta da ƙarfi. Sillen kara ake samu a ɗaura kanta, kullum a naɗe ɗan abin da ta yarda ta bayar, a ɗaure sillen a jikin ƙafa da tsumma. Tsofaffi suka ja mini kunne da abu ɗaya: kada ta tsinke. In ta tsinke sauran ya koma ciki, ƙafa ta kumbura ta ruɓe, wani ya rasa ƙafar, wani ya rasa ran.

Ni na ɗauki naɗin. Kowace safiya in ya idar da salla a zaune, sai in kawo ruwan ɗumi da man kaɗanya, ya miƙo ƙafar ya ɗora a cinyata. Kunyar aure ta lokacinmu ba irin ta yanzu ba ce, tun da aka kai ni gidan ban taɓa zama da shi da rana tsaka muna kallon juna ba. Kurkunu ne ya zaunar da mu. Ina shafa mai, ina murza sillen a hankali, shi yana cije leɓe yana ba ni labarin yarintarsa don ya manta da zafin. Raɓa na ɗiga daga bakin jinka, kurciya na kuka a kan tsamiya, 'yar na barci a gefe. Wata rana abar ta ba da tsawon ɗan yatsa, wata rana ta ƙi ko motsi, sai in ce mata, "To, zauna, ba inda za ni." Malam ya yi dariya har ƙwalla. Ga yunwa, ga ciwo, ga gona na kiran mai ita, amma ni in faɗi gaskiya ban taɓa jin daɗin aure kamar safiyoyin nan ba.

Da hantsi kuma sai in rasa shi, siyasa ta karɓe. Shekarar zaɓe ce, jam'iyya biyu, gari ya rabu gida biyu, har gayya ba ta haɗuwa, don wannan ba zai noma gonar ɗan waccan jam'iyya ba. Amma kurkunu bai tambayi kowa jam'iyyarsa ba. Zaurenmu ne mafi faɗi, kuma ba ya yoyo, don haka duk wanda ciwon ya kwantar nan yake zuwa. Wani da sanda, wani da jan gindi, wani a kawo shi a jaki a sauke. Su jera ƙafafu, kowa da sillensa ɗaure, rediyon Malam a tsakiya, an shanya batir a rana don ya ƙara ƙarfi. Masu lafiya suna gona, su kuma suna zaure suna raba mulkin ƙasa.

Babban abokin gardamar Malam shi ne Tambai. Bamaguje ne, gidansu na hayin rafi, gonarsa na iyaka da tamu, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Shi nasa kurkunun a idon sawu ya fito. Malam na bayan ɗan takarar da ya ce zai gina asibiti a kowace gunduma a yi allura kyauta. Tambai na bayan wanda ya yi alkawarin rijiyoyi da taki. Ina tsakar gida ina jin su ta bayan zana.

Malam ya ce, "Kai Tambai, rijiya ce za ta yi maka allura? Mutum shina ciwo ka ce mashi ga guga?"

Tambai ya ce, "Aradu, Isuhu, tun kana yaro kake son abin da aka shafa wa farar ƙasa. Ni a ba ni ruwa da taki, in na ƙoshi ciwo ya zo mu gwada."

Zaure ya ɗauki ihu. Har suna suka sa musu, suna kiran Malam Shugaba, Tambai kuma Mai Jiran Gado, wata rana a juya. Ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya cikin 'yan takarar nan, sai hotunansu da aka liƙa a jikin bishiya ruwa ya wanke rabin fuskar. Duk da haka Malam yana maganar nasa kamar tare suka ci tuwo jiya. Haushi yakan kama ni. In ina jin ciyawa ta kai gwiwa a gonarmu, shi kuwa yana can yana rantsuwa a kan yawan gadajen asibitin da ba a ko haƙa tushensa ba, sai in buga taɓarya da ƙarfi don ya ji. Yana ji sarai, ya ƙara wa rediyo murya.

Yanzu ga famfon tuƙa-tuƙa a bakin masallaci, ga ɗan asibitin sha-ka-tafi a ƙarshen gari, wata rana a sami magani, wata rana a ce ka tafi Malumfashi. Kurkunu ya tafi tun da aka raba mana ƙyallen tace ruwa aka yi rijiyoyi. Nakan so a ce Malam da Tambai suna nan su gani, don na san kowannensu sai ya ce shi ya yi gaskiya.

Naɗina ya yi nisa. Sillen ya yi kauri, abar ta fara sirancewa, wanzamin garinmu ya duba ya ce wutsiya ta kusa, in an yi haƙuri kwanaki kaɗan Malam zai taka gona. Na fara lissafin yadda zai ci ƙarfin ciyawa kafin ta shaƙe dawar. Sai aka yi shela a rediyo cewa za a haɗa 'yan takarar biyu a yi musu tambayoyi, a fassara mana da Hausa.

Ranar zaure ya cika har ƙofa. Yayyafi ake yi, rediyo na shashsheka, duk an karkata kunnuwa. Na kawo musu ruwa a ƙwarya, na tsuguna a bayan ƙofar cikin gida ina leƙe. Aka zo kan maganar lafiya. Mutumin Malam ya ce ba ɗan ƙasar da zai sake yin tafiyar yini kafin ya ga likita. Malam ya tafa hannu ya ce, "Kun ji ko? Kun ji magana?"

Tambai ya kalli ƙafar Malam, ya kalli tasa, ya ce, "Na ji. To in an gina maka shi, da wace ƙafar za ka je?"

Aka fashe da dariya. Malam mutum ne mai sanyi, amma ba ya jure a yi masa dariya a zaurensa. Ya ce, "Da wannan!" Ya yunƙura ya miƙe tsaye ya buga ƙafar a ƙasa. Tsumman ya riga ya saki, bakin sillen ya saƙale a gefen tabarma. Ban ji ƙara ba. Na dai ga sillen a ƙasa da farin zaren naɗe a jikinsa, ga ɗan guntun da ya rage a ƙafar yana komawa ciki a hankali har ya ɓace.

Ɗan takara yana ta maganarsa a rediyo. Na manta da kunya, na manta da maza, na faɗo zauren na durƙusa ina matsa wurin da yatsuna ko zai dawo. Na ɗago na ce masa, "Malam, don mutumin da bai san kana duniya ba?" Tambai ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Kafin kwana biyu ƙafar ta zama kamar turmi, fatar na sheƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Na dafa ganyen da aka ce, na shafa wanda aka ce, ba sauƙi. Wanzami ya zo ya duba ya girgiza kai, ya ce wannan ya fi ƙarfin askarsa, a kai shi asibiti tun da sauran dama. Daga garinmu zuwa bakin titi a Dayi tafiya ce mai nisa, ga rafi ya cika. Kuma a ranar ne motocin jam'iyyu suka zo tun da safe suka tsaya a hayi, suka kwashe duk wani namiji mai ƙafa biyu, waɗansu zuwa taro a Funtua, waɗansu Malumfashi. Aka bar tsofaffi da guragun zaure. Na tsaya a ƙofar gida da goyo a baya ina kuka, ina zagin siyasa da wanda ya kawo ta.

Sai ga Kande, matar Tambai, ta haye rafi da matan gidansu uku, ƙafafunsu duk laka, daga gona suke. Matan Maguzawa su ke noma kafaɗa da kafaɗa da mazansu, ƙarfinsu ba irin namu na tsakar gida ba ne. Kande ta ce, "Indo, share hawaye. Maigidana ya ce bakinshi ya jawo, ƙafarshi kuma ba ta iya biya. Mu za mu kai shi."

Suka ɗauko gadon kara, Malam ya buɗe ido ya ce shi ba ya hawa makara da ransa. Kande ta ce, "To Shugaba, a sake maka mota." Suka ciro ƙyauren zaure suka shimfiɗa tabarma a kai suka ɗora shi. Su ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, haka suka saɓa shi muka kama hanya. Ya ja hula ya rufe fuska don kada a ce an ga mata ɗauke da shi.

Tafiyar nan har yau in na tuna ta sai in rasa ko a farke na yi ta. Rabona da abin kirki a ciki tun jiya, kaina na yawo. Rana ta fito bayan ruwa, tururi na tashi daga kunyoyi, gonaki kore iyakar ganinka, malam-buɗe-littafi fari fat suna tashi a gabanmu. Matan suna tafe da taku ɗaya, suna wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa don kada ƙafa ta saɓa. Muka wuce gonarmu, na ga dawar ta yi rawaya a cikin ciyawa, na kau da kai. Zazzaɓi ya hau kan Malam, ya cire hular ya fara ɗaga wa ganyen masara hannu yana amsa gaisuwa. Ya ce, "Indo, kin ga jama'a? Ki ce su yi haƙuri, kowa zai sami gado." Kwaɗi na kuka a fadama, ya ce jiniya ce ake buɗe mana hanya. Kande na dariya, hawaye na bin kumatunta.

A rafi ruwa ya kai musu ƙirji. Suka ɗaga ƙyauren sama da kawunansu, ni na kwance goyona na ɗora ta a wuya, na riƙe zanen Kande. Ruwan ja ne, mai sanyi, yana jan ƙafa. Malam yana sama yana kallon gajimare yana cewa bangon asibitin fari ne ƙal, an yi masa yadda ya ce. Da muka haye, sai da matan suka zube a yashi suna haki kafin a ci gaba.

A Dayi wani mai a-kori-kura ya tausaya ya ɗauke mu zuwa Malumfashi. Aka tsaga ƙafar, abin da ya fito ba na son tunawa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini da mun ƙara kwana, da sai dai a yi maganar yankewa. Muka daɗe a can, ina kwana a ƙasa gefen gadonsa. Ranar zaɓe ta zo ta wuce yana kwance, yana jin hayaniyar masu layi daga nesa, ya juya fuska bango. Bai jefa wa mutumin nasa ƙuri'ar ba.

Da muka dawo, mun tarar Kande da matan sun nome abin da suka iya na gonarmu bayan sun gama tasu, sauran ciyawa ta riga ta ci. Tambai ya zo da sanda, nasa kurkunun ya fita lafiya. Ya zauna a bakin zaure ya kasa shiga. Malam ya ce, "To, ka zaɓi mai rijiyar taka, hankalinka ya kwanta?"

Tambai ya ce, "Ban je ba. Ƙuri'arka ta kwanta asibiti, ni kau in kai tawa? Aradu da ban iya barci ba."

Malam ya ce, "Kai dai wawa ne tun kana yaro." Ya matsa masa wuri a tabarma. Daga baya ma muka ji an soke zaɓen gaba ɗaya, ba wanda ya hau cikin su biyun.

Ciwon ya warke, ƙafar ta tsira, amma gwiwar ta sandare. Na yi ta gasa ta da ruwan zafi, na shafa duk man da aka kwatanta mini, ina cewa in kaka ta yi za ta saki, in rani ya yi za ta saki. Ba ta sake lanƙwasuwa ba. Shekarar mun ci abin da ya samu da abin da aka taimaka mana, na sayar da kwanonin aurena, muka ga wata daminar da ƙyar.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Malam ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri ya fita shi kaɗai, yana jan ƙafar. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa bari na taka gona ba, yana alfahari da hakan a cikin maza. Hantsi ya yi, zuciyata ta ƙi kwanciya, na goya 'yar na bi shi. Na hango shi daga nesa. Saran yana yi daidai, ya jefa iri, amma in ya zo binnewa sai ya tsaya: in ya dogara a kan mai lafiyar, sandararriyar ba ta iya turo ƙasa, in ya dogara a kan sandararriyar sai ya tafi zai faɗi. Layi ɗaya bai gama ba, ramuka a buɗe, tsuntsaye sun sauka a bayansa suna tsince dawar. Tausayinsa ya kama ni.

Ban yi sallama ba. Na ɗauki ƙwaryar daga inda ya ajiye, na tsaya a bayansa. Ya ji takuna, ya tsaya cak, na ga wuyansa ya yi tauri. Na jira ya ce in koma gida. Ya daɗe a tsaye yana kallon gabas, sannan ya ɗaga sungumin ya sara, ya ja ƙafa gaba ya sake sara. Na jefa iri a ramin farko na tura ƙasa da dunduniya, ƙasar da sanyi, tana shiga tsakanin yatsuna. Muka kai tsakiyar layi. Can, bai ko juyo ba, ya ce, "Indo, taka da kyau. Ƙafata ce wannan."